Tambayoyin Fasaha: Da gaske waya na karanta jijiyoyin cikin ido?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Abokina yana da tsohuwar Samsung Galaxy S8 wadda yake buɗewa da kallo kawai. Ya ce min jijiyoyin jinin cikin idonsa take karantawa. Haka ne? Kuma wannan jan hasken ba ya lalata ido? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka ya haɗa abu biyu da mutane da yawa ke rikitawa. Abin da S8 ke dubawa shi ne airis, wato da'irar nan mai launi da ta zagaye ɗan ido, wadda kowa ke gani idan ya matso kusa da madubi. Jijiyoyin da yake magana a kai suna can ƙuryar ido, a wani siririn tantani da ake kira retina, inda hoto ke sauka kafin ya wuce ƙwaƙwalwa. Kyamarar gaban waya ba ta kaiwa can.

Tantance mutum da retina tsohon tunani ne. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Amurka, Carleton Simon da Isadore Goldstein, suka nuna cewa yadda jijiyoyin suka yi rassa a idon kowane mutum daban yake. Ko Hassan da Husaini ba sa tarayya a wannan zane, kai, ko idonka na dama bai yi daidai da na hagu ba. Na'urar kan haska wani haske maras ƙarfi ta cikin ɗan ido. Jijiyoyin jini sun fi naman da ke kewaye da su shanye hasken, sai su fito kamar saiwoyin bishiya, kwamfuta ta mayar da zanen lambobi ta adana. Wuyar sata gare shi, domin ba ka barin sa a jikin kofi ko ƙofa kamar zanen yatsa, kuma ba a ɗaukarsa daga nesa.

To me ya hana shi yaɗuwa? Wahala. Sai ka cire tabarau, ka kafa ido dab da na'urar, ka tsare ɗigo ɗaya da kallo na wasu daƙiƙu ba motsi. Ka ƙaddara layin banki ranar Litinin ana wannan! Ga tsada, sannan yanar ido, hawan jinin ido da ciwon suga kan dagula sakamakon. Shi ya sa ya tsaya a wuraren tsaro masu tsanani, mu kuma BVN da NIN ɗinmu suka dogara da yatsu da hoton fuska.

Shi airis ya fi sauƙi, har Indiya ta sa shi cikin rajistar Aadhaar, wato irin NIN ɗinsu. Amma yana da rauninsa: a 2017 ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus, wadda ta ƙware a kutsen kwamfuta, ta buɗe S8 da hoton ido da aka ɗora wa ɗan gilashin nan na manna wa ido. Da Galaxy S10 ta fito a 2019, Samsung ta ajiye tsarin.

Batun illa kuwa, hasken ba shi da ƙarfin da zai cutar da babba a amfani na yau da kullum. Sai dai kada ya riƙa manna wayar a ido, kuma kada ya bar yara ƙanana su mayar da ita abin wasa.