Ka karanci zanen motar tsere, kawu na so ka sayi takardar aikin jinya

Wani matashi ya rubuto daga Oxford a Ingila. Ya gama digiri na biyu a injiniyancin motocin tsere, yana kan bizar kammala karatu, saura wata tara ta ƙare. Ya nemi aiki a ƙungiyoyin Formula 1 biyar, shiru kake ji. Kawunsa ya haɗa shi da wani ejan da zai samo masa takardar ɗaukar nauyi (wadda kamfani ke ba baƙo don ya nemi bizar aiki) ta aikin kula da tsofaffi a kan fam 8,000. A gida kuma ana ce masa ai kanikanci ya karanta, ya kama abin da ke kawo kuɗi.

Ƙanina, kada ka ba ejan nan ko kwabo. Takardar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce. Kamfani mai lasisi ne ke bayarwa, kuma doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Yadda abin ke ƙarewa sananne ne: ka biya, ka je ka tarar babu aikin, ko a ba ka awa goma a mako, daga baya a soke lasisin kamfanin, a bar maka kwana 60 ka nemi wani ko ka tattara kayanka. In aka ce akwai ƙarya a takardun, kai za a iya hana wa shiga ƙasar shekara 10, ejan yana gida yana shan shayi.

Kuskurenka shi ne ƙofa biyar kawai ka ƙwanƙwasa. Mercedes a Brackley da Red Bull a Milton Keynes kowa can yake rububi. Amma ina masu ƙera musu kaya da sauran kamfanonin motoci? Xtrac a Thatcham suna yin akwatin giya, AP Racing a Coventry suna yin birki, ga Cosworth a Northampton, ga Prodrive a Banbury, ga JLR (Jaguar Land Rover) a Gaydon. Kafin ka aika takarda, duba sunan kamfani a jerin masu lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata baƙi da ke shafin gwamnati.

Kuma ba digiri suke fara dubawa ba. Ɗauki ƙarfe ɗaya da ka zana wa motar Formula Student, gasar ƙera motar tsere ta ɗalibai, ko da wanda ke riƙe birki ne. Nuna nauyin da ka lissafa zai ɗauka, zanensa a manhajar zane ta CATIA ko NX, giram nawa ka rage, inda ya tsage a gwaji da dalili. Shafi biyu sun isa. Yawancin masu nema a nan suke faɗuwa: hoto mai kyau, amma babu zanen da mai injin yanka zai iya aiki da shi.

Sai albashi. Tun Yulin 2025 mafi ƙaranci a bizar ƙwararru, wadda za ka koma kanta in ka samu aiki, fam 41,700 ne a shekara, amma sabon shiga irinka na iya wucewa da 33,400 ko kashi 70 na albashin sana'ar, wanda ya fi yawa. Rangwamen na shekara huɗu ne, kuma har da shekara biyun bizar da kake kai ake ƙirgawa. Ka faɗa wa kamfani wannan da bakinka, ƙananan da yawa ba su sani ba.

Batun kawu kuwa, ina bayanka. Ba laifi ba ne iyaye su sa ran abin da ɗa zai aiko, amma wanda ba shi zai ci bashin fam 8,000 ba bai kamata ya zaɓa maka ejan ba. Kada ka yi musu da shi, babba ne. Ce masa, "Kawu, a turo min lambar rajistarsa ta IAA, hukumar da ke yi wa masu ba da shawarar biza rajista, da sunan kamfanin." Ka yanka wa Hajiya abin da za ka iya aikawa duk wata daga aikin da kake yi yanzu, ka nemi su ba ka wata shida.