Amsa ga ɗan'uwan da ma'aikata ke barin kamfaninsa na talla a Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce shekara 2 ke nan da ka buɗe kamfanin talla a Gombe, ma'aikatanka 9, cikin wata 6 uku sun ajiye aiki, har da mai zanen da ka fi ji da shi. Ka sa musu na'urar sanyaya ɗaki, ka ɗinka riguna masu tambarin kamfani, duk ƙarshen wata ana cin tsire tare, amma kana ganin jikinsu a sanyaye.

Shekarata 11 a wannan harka, daga buga bana da fosta har zuwa tallan rediyo da riƙe wa 'yan kasuwa shafukansu na Facebook da Instagram. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da na gani shi ne, a sana'armu ba yawan aiki ne ke karya wa yaro gwiwa ba. Kwastoma ne, idan maigida ya sakar masa yaran ya koma gefe.

Ka tambayi kanka, kwastomomi nawa ne ke da lambar wayar mai zanenka? Alhaji zai kira shi ƙarfe 11 na dare ya ce a canza launi. Da asuba ya ce a mayar da na farko. Jibi a gida an gani an ce hoton bai fito ba, a sake. Zane ɗaya, gyara bakwai, kuɗi ɗaya. Yaron nan kuwa ba shi da bakin ce wa babban mutum a'a, tarbiyyarmu ba ta ba shi wannan ba. Sai ya haɗiye, ya kwana gaban kwamfuta yana lallaɓa caji, da safe ya zo a makare, kai kuma ka hau shi da faɗa. Wannan ba lalaci ba ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ya daɗe ba a kula ba: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Sanyin jikin da kake gani ke nan.

Ni a kakar zaɓen 2019 na koyi darasina, kuma har yau yana mini ciwo. Na karɓi aikin wani ɗan takara, fosta da bana masu yawan gaske, ba kafin alƙalami sai alkawari. Yarana suka yi kwanaki suna kwana a ofis. Zaɓe ya wuce, wayarsa ta daina shiga. Wata biyu ban biya albashi ba. Mai zanena, matarsa da tsohon ciki, ya same ni bayan la'asar ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, na samu wani wuri." Ban ga laifinsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a tsawon wata biyun nan ban taɓa zaunar da su na gaya musu halin da ake ciki ba. Kunya ta sa nake ta kauce-kauce, su kuma suka ɗauka kuɗin sun shigo na danne.

Daga nan na kafa ƙa'ida, a rubuce, kowane kwastoma sai ya sa hannu. Ba a taɓa aiki sai an biya kashi 60 cikin 100, ko wane ne, ciko kuma kafin a miƙa kaya. Gyara biyu kyauta ne, na uku da kuɗinsa. Layin ofis ɗaya ne ke hannun kwastoma, bayan sallar isha'i ba a amsawa sai safiya. Idan gaggawa ce ni za a kira, ni zan yanke ko ta isa a tayar da yaro daga barci. Wasu manyan sun yi fushi sun tafi, na kuma ji a aljihuna. Amma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Waɗanda suka tsaya su ne masu biya, yaran kuma suka fara ganin akwai mai tare musu.

Batun albashi, ranar biya ta fi yawan kuɗin muhimmanci a wurin mai haya da mai kuɗin makaranta. Ka sa rana, kada ta motsa. Duk kuɗin da ya shigo, ka fara cire na albashi ka kai wani asusu daban kafin ka sayi sabuwar kyamara. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Sannan ka yi lissafi da su. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ke zuwa daga Tumfure ko Pantami a Keke Napep kullum, nawa ke rage masa? A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma da ita yaranka ke auna kansu. In ƙari ya gagara yanzu, ka ware kuɗin mota da na data. Kada yarinyar da ke riƙe shafin kwastoma ta riƙa sayen data daga aljihunta.

Ka ba kowa takardar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta ce a bayar cikin wata 3, ta tanadi hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan shekara guda, da hutun haihuwa mako 12. Ka ɗauki wannan a matsayin mafi ƙaranci, ka ɗora a kai. Fansho yana zama dole in kun kai mutum 15, kai kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, don haka ka fara shiri. Ka kuma leƙa ofishin GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, ka ji yadda za ka shigar da su inshorar lafiya, domin rashin lafiyar ɗa guda tana iya cinye albashin wata.

Saura zaman ofis. Kada ka tsawata wa ma'aikaci a gaban kwastoma, ko da shi ne da laifi. Ka ja shi gefe. Idan aiki ya yi kyau, ka faɗi sunan wanda ya yi a gaban mai aikin. Da azumi oda takan yi yawa saboda tallan Sallah, to ku fara da sassafe ku tashi da wuri, kada a sha ruwa a kan hanya. 'Yan mata su isa gida kafin magariba, iyayensu na kallon agogo. Wanda zai tafi Billiri ko Kaltungo Kirsimeti, ka sallame shi da wuri kamar yadda kake sallamar mai tafiya Sallah. Rasuwa ko suna, ka je da ƙafarka. Wanda ke ɗan zanen katin biki a gida da dare, ka ƙyale shi muddin bai taɓa kwastomanka ba. Yanzu gwani yana ɗakinsa a Jekadafari zai yi wa mutanen Abuja aiki ta intanet, ba za ka riƙe shi da takura ba.

A makon nan ka nemi ukun da suka tafi, ba don ka roƙe su su dawo ba, sai don ka ji dalili. Mai yiwuwa nauyinka ya hana su faɗa maka ido da ido, to ka tura wanda suke sakewa da shi. In kana son takardar yarjejeniyar da muke ba kwastoma, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in turo maka, sai ka gyara ta daidai da aikinku.