Tambayi Likita: Ruwan gishiri da sukari, ƙarin ruwa, da ƙishirwar mai ciwon sukari

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara biyu yana gudawa, an ba ni ORS, wato haɗin gishiri da sukari, a asibiti. Surukata ta ce gishiri da sukari ba magani ba ne, ruwa zalla ma ya isa. Wa ke da gaskiya? Maman Yara, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ki ci gaba da ba shi, kada ki fasa. Gaskiyar Hajiya ɗaya ce, ORS ba ya tsayar da gudawa nan take. Aikinsa mayar da ruwan da ke zuba, kuma ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe yara.

Ga yadda abin yake. Jikin ɗan Adam tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace tana lulluɓe da siririyar fata mai maiƙo. Iskar oksijin ratsa fatar take yi kai tsaye, amma gishiri da sukari sai ta ƙofofi na musamman. A bangon hanji akwai ƙofar da ba ta shigar da sodiyam na gishiri sai ya zo tare da sukarin gulukos. Da zarar sun shige, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, shi ya bayyana wannan a 1960. Abin godiya, ko cutar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, sai ya sa dangin majinyata suna ba su wannan haɗi da baki. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Ki bi ma'aunin ruwan da ke rubuce a jikin ledar ORS. In babu ita, ki samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, ki zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi. Kada ki ƙara sukari don ya yi daɗi, kada kuma ki ba shi lemon kwalba, domin zaƙin da ya yi yawa janyo ruwa yake daga jiki zuwa hanji. A riƙa ba shi cokali-cokali, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. Ki haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko kin ga jini a kashinsa, sai asibiti ba jira.

Tambaya: Likita, me ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci yake da gishiri? Malam Manomi, Damagaram.

Amsa: Malam, ruwa yana tafiya ne inda gishiri ya fi yawa. Ka yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, ka dawo an jima, za ka tarar ya tsattsafo da ruwa. Da za a ɗura ruwa zalla a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini za su sha shi har su kumbura su fashe. Shi ya sa ake sa gram 9 na gishiri a kowace lita, ya yi daidai da jini. Abin da ke damuna shi ne masu zuwa kemis a sa musu leda don gajiya kawai. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, ruwan na iya taruwa masa a huhu.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon sukari. Yana ci amma yana ramewa, ga ƙishirwa da fitsarin dare. Mu rage masa shan ruwa? Ɗalibi, Kumasi.

Amsa: A'a, ɗana, kada ku hana Baba ruwa. Sukari ba ya shiga tsoka yadda ya kamata sai sinadarin insulin ya sa ƙofofinsa sun fito saman ƙwayar halitta. In insulin ya yi ƙaranci ko ya daina tasiri, sukari ya cika jini, tsoka kuwa tana cikin yunwa, sai jiki ya koma cin kitsensa da namansa. Ramar ke nan. Idan kuma awon sukarin jini ya haura wajen 180 mg/dL, ƙoda ta kasa mayar da sukarin duka, sai ya zube cikin fitsari ya ja ruwa mai yawa. Shi ya sa wasu ke ganin ƙiyashi na taruwa inda suka yi bawali.

Waɗannan alamu suna nuna sukarinsa bai daidaita ba. Ku kai shi awo cikin makon nan, ku tafi da duk magungunan da yake sha likita ya gani. In ƙafafunsa lafiya, ya riƙa ɗan tattaki bayan cin abinci, domin tsokar da ke motsi tana buɗe ƙofofin sukari ko da insulin ya yi rauni.