Labarina kullum a shafi na biyar yake tsayawa

Tambaya: Malam, ina son rubuta ƙagaggen labari, amma duk wanda na fara sai ya maƙale a shafi na biyar. Me zan karanta? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, ni ma na sha wannan ciwo. Labarina na farko shekara uku ya yi a ƙarƙashin katifa, don na cusa mutum goma sha biyu a babi ɗaya, kowa da danginsa, har ni kaina na rikice. Rage su. Mutum biyu da matsala ɗaya sun ishe ki.

Nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya. Ki lura da yadda aku ke riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fice daga fada. Haka za ki riƙe mai karatu. Don maganar cikin gida kuwa, ta kishiyoyi da 'ya'ya, karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da biro a hannu.

In kin shiga adaidaita sahu, ajiye wayar, ki saurari yadda mata ke ciniki da direba.