Littafin da ke tsorata yaro kuma ya sa shi dariya: a bar masa ko a karɓe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana da shekara goma, kuma tun da ya gano littattafan nan na fatalwa da dodanni ba ya son ajiye su. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, da rana ina jiyo shi yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, amma in dare ya yi sai ya roƙe ni kada in kashe fitila. Mahaifinsa ya ce a karɓe littattafan, ni kuwa ina gudun kada mu kashe masa son karatun da muka daɗe muna nema. Wace shawara za ka ba mu?
Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce kada ku karɓe, amma ki zauna ki karanta ɗaya daga cikinsu da kanki, domin amsar tana ga irin tsoron da ke cikin littafin.

Dariyar da kike ji da gangan aka saka ta. Marubutan da ke rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 sun san cewa yaro ba ya jure fargaba mai tsawo, saboda haka sai su ɗaure masa zuciya na shafi biyu ko uku, sannan su kwance ta da abin dariya. Babi ya ƙare da hannu mai sanyi ya dafa kafaɗar jarumin a cikin duhu, babi na gaba ya buɗe da cewa ashe ƙaninsa ne ya biyo shi yana neman takalminsa. Marubucin Amurka R. L. Stine, wanda ya fara jerin littattafan tsoro na yara mai suna Goosebumps a 1992 kuma ya fitar da littattafai 62 a zubin farko zuwa 1997, ya shafe shekaru yana rubuta littattafan barkwanci da shirya mujallar ban dariya ta yara kafin ya koma ga labaran tsoro. A ganina wannan tarihin nasa ne ya sa ya iya sanin inda ya kamata a sassauta wa mai karatu.

Masana ma sun duba wannan lamari. A 2020 masu bincike na Jami'ar Aarhus da ke Denmark sun wallafa nazarin da suka yi a kan mutum 110 da suka shiga wani gidan wasa na tsoratarwa, aka riƙa auna bugun zuciyarsu, sai aka ga jin daɗinsu ya fi yawa a lokacin da tsoron yake matsakaici. In ya yi kaɗan abin ya gundure su, in ya yi yawa daɗin ya gushe. Littafi kuwa ya fi gidan wasa sauƙi, domin linzamin yana hannun yaron: yana iya rufe shi, ya tsallake shafi, ko ya leƙa ƙarshe ya tabbatar jarumin ya tsira kafin ya ci gaba.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne wannan. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta daɗe tana nazarin abin da ke firgita yara, ta nuna cewa ƙananan yara sun fi jin tsoron mummunar kama, ko da halittar ba ta cutar da kowa a labarin, yayin da waɗanda suka ɗan tasa, kamar ɗanki, suka fi tsoron abin da zai iya faruwa da gaske, irin su gobara, satar yara ko rasuwar iyaye. Don haka dodo mai ido uku da jarumai suka yi wa wayo a shafin ƙarshe bai kai hatsarin labarin baƙon da ya shigo gida da dare ba, ko da kuwa babu fatalwa ko ɗaya a cikinsa. In kin karanta kika ga yaran labarin suna da abokan tafiya, suna samun dabara da kansu, kuma suna komawa gida lafiya, to hankalinki ya kwanta.

Batun fitila ba abin damuwa ba ne in ya tsaya nan. Ku mayar da karatun zuwa rana, ku bar masa ɗan haske da dare, ki kuma sa shi ya ba ki labarin da bakinsa, domin za ki gane daga muryarsa ko wasa yake yi da tsoron ko tsoron ya fi ƙarfinsa. Amma in ya shiga yin mugayen mafarkai dare bayan dare, ko ya ƙi kwana shi kaɗai alhali da yana yi, to maganar mahaifinsa ta yi daidai, a ajiye wannan littafin a ba shi wani mai sauƙi, ba tare da an yi masa dariya ko gori ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce. Shin zan iya karanta wa ɗalibaina irin waɗannan labarai a aji?

AMSA: Za ki iya, Malama, amma ki tuna a aji yaro ba shi da ikon rufe littafin, don haka ki zaɓi wanda dariyarsa ta rinjayi tsoronsa, kuma kada ki tsaya a babin da ya ƙare cikin fargaba lokacin tashi. Ki duba zanen da ke ciki kafin ki ɗaga musu shi, domin sau da yawa hoto ya fi rubutu daɗewa a zuciyar yaro. Littafin Scary Stories to Tell in the Dark na Alvin Schwartz, wanda ya fito a 1981, ya sha ƙorafin iyaye a Amurka, kuma zanensa na cikin abin da aka fi kuka da shi, har daga baya aka sake buga shi da sabon zane mai sauƙi.