Ku Tambaya, Mu Amsa: Yaya Aiki Yake a Tashar Sararin Samaniya?

Wasiƙun wannan mako duk sun karkata ne ga Tashar Sararin Samaniya ta Duniya, wadda aka harba sashenta na farko, Zarya, a watan Nuwamban 1998, kuma tun 2 ga Nuwamban 2000 ba ta taɓa kwana babu mutum a ciki ba. Tana shawagi a nisan kusan kilomita 400, da gudun kimanin kilomita 28,000 a awa. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Ni dai duk bidiyon da na gani, ko dai suna alkafura ko suna wasa da ɗigon ruwa. Wai da gaske akwai wani aiki da suke yi? (Wani ɗalibi, Kano)

Amsa: Malam ɗalibi, alkafura ake nuna maka domin ba wanda zai zauna kallon mutum yana share matatar iska. Ranar 'yan sama jannati a yanke take gunduwa-gunduwa, har ta minti biyar-biyar, kuma akwai wani jan layi da ke tafiya a fuskar kwamfuta yana nuna inda ya kamata a ce mutum ya kai. Agogon GMT suke bi, wato Najeriya da Nijar sun riga su da awa ɗaya. Ana tashi ƙarfe 6 na safe. Bayan karin kumallo sai a yi ɗan taro ta rediyo da cibiyoyin da ke ƙasa, irin su Houston, Mosko, Munich da Tsukuba ta Japan. Daga nan a shiga aiki kusan awa shida da rabi, tsakanin bincike da gyara. Motsa jiki yana cin awa biyu zuwa biyu da rabi, kuma dole ne, domin ƙashin ƙugu da na baya kan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsu duk wata idan babu nauyi a kansu. Injin gudu sai an ɗaure mutum da majanyi mai roba da zai riƙa danna shi ƙasa, in ba haka ba taku ɗaya zai yi ya tsinci kansa a silin. Asabar da safe kuma ta shara ce.

Tambaya: An ce fitsarinsu suke sha. Don Allah a gaya mana gaskiya. (Wata ma'aikaciyar jinya, Maraɗi)

Amsa: Malama, ruwan da aka tace daga fitsari da gumi da tururin numfashi suke sha, kuma ya fi yawancin ruwan famfo tsabta. Kowane mutum yana buƙatar kusan lita huɗu a rana, kai ruwa sama kuwa tsada ne da shi, don haka ba a yarda a zubar ba.

Tun a bakin bayan gida ake zuba wa fitsarin wani sinadari mai asid, ya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ya kuma hana shi rikiɗa ya yi zarni. Sai ya wuce cikin wata ganga mai juyawa da aka rage matsin iskar cikinta, ta yadda zai tafasa ba tare da zafi mai yawa ba. Juyawar nan ita ce sirrin. A tukunyar gida tururi yakan tashi sama, ruwa ya zauna ƙasa. A can babu sama babu ƙasa, sai an wulwula gangar kafin ruwan ya manne a bango, tururin ya taru a tsakiya. Tururin da ya koma ruwa sai a haɗa shi da wanda na'urar sanyaya ɗaki ta tsotse daga iska, a bi da shi ta matatai, a ƙona ragowar dattin da ya narke a ciki da zafi da oksijin, sannan a sa aidin don kashe ƙwayoyin cuta. A ɓangaren Rasha azurfa suke sawa.

Inda aka sha wuya shi ne a 2009. An ƙera injin ne don ya ƙwato kashi 85 cikin ɗari na ruwan fitsari, kuma a gwajin ƙasa ya yi. Da ya hau sama sai ya toshe. Da aka dawo da sashen aka buɗe, sai ga farin daskararren abu, dangin garin da ake yin silin na POP. Ashe ƙashin da ke zaizayewa a jikin 'yan sama jannatin yana zubar da kalshiyam mai yawa a fitsari, shi kuma ya haɗu da asid ɗin salfa da ake zubawa ya daskare. Dole aka rage abin da ake ƙwatowa zuwa wajen kashi 70, har sai da aka sauya asid ɗin da na fosfaras a 2016. Daga baya aka ƙara wata na'ura mai busar da ragowar kaurin fitsarin, a 2023 aka kai kashi 98 na duk ruwan da ke zagayawa a tashar. Kin ga zaizayewar ƙashi ce ta kashe injin, abin da injiniya shi kaɗai ba zai hango ba sai da likita.

Tambaya: Iskar shaƙa fa, daga ina? (Wani mai karatu, Kumasi)

Amsa: Daga ruwan nan dai. Ana ratsa shi da lantarki ya rabu gida biyu, oksijin da haidirojin. Mutum ɗaya kan sha kusan giram 840 na oksijin a rana, ya fitar da kusan kilo ɗaya na iskar kabon. Kawar da ita ya fi samar da oksijin wahala. Akwai tukwane biyu cike da tsakuwar ziyolait: ɗaya tana tsotsar iskar kabon, ɗayar ana gasa ta a buɗe mata ƙofa zuwa waje ta amayar da abin da ta sha, sai su yi musaya. Gashi da hucewa kullum yana sa tsakuwar ta riƙa gari, garin ya shiga bawul ya maƙale shi. Injin nan ya ci wa ma'aikatan tashar lokaci ba kaɗan ba.

Fanka kuwa ba ta tsayawa ko na dare ɗaya. Iska mai ɗumi ba ta tashi a can, saboda haka mai barci a lungun da iska ba ta motsi zai kwana cikin numfashin kansa, ya farka da ciwon kai. Ƙura ma ba ta kwanciya. Gashi, ɓurɓushin abinci da zaren tufafi duk bakin matatar iska suke tafiya, shi ya sa ake bin su da injin zuƙar ƙura duk mako. Wanda cokalinsa ko ƙaramin sifana ya ɓace, can yake fara dubawa.

Tambaya: Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Ai an ce sararin samaniya sanyi ne da shi, to me za a yi da injin sanyi a can? Kuma in ya lalace wa ke gyarawa? (Wani mai gyara, Kaduna)

Amsa: Maigida, tambayar ta masu sana'a ce. Kondensa da ke bayan firji iska ce ke kwashe mata zafi. A can babu iska a waje, tashar kamar filas take, zafin kwamfutoci da injuna da jikin mutane ba shi da mafita. Abin da aka yi shi ne zagaye biyu. A ciki ruwa ke bin bututu yana ɗaukar zafi, domin ko ya yoyo ba zai kashe kowa ba. A bakin bango sai ya miƙa zafin ga amoniya, wadda ba ta daskarewa sai sanyi ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Ita ke kai shi ga fararen faifan da ke waje, su watsar da shi. Hanyoyin amoniyar biyu ne, kowace da famfonta.

A ƙarshen Yulin 2010 famfo ɗaya ya mutu, aka kashe na'urori da dama don kada su ƙone. Famfon ya kai kilo 350. Doug Wheelock da Tracy Caldwell Dyson sai da suka fita wajen tashar sau uku cikin rigar sama jannati kafin su sauya shi, domin wani mahaɗin bututu ya ƙi cirewa, ya riƙa fesar da amoniya kamar farin ƙanƙara. Wanda ta taɓa wa riga sai ya dakata a rana ta ƙone tukuna, a kuma gwada iskar ɗakin shiga kafin a buɗe masa ƙofa.

Fita ɗaya kan ɗauki awa shida zuwa bakwai, shirinta kuwa kwanaki. Matsin iskar cikin rigar bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda muke ciki ba, don haka kafin fita mutum zai daɗe yana shaƙar zallar oksijin yana ɗan motsa jiki, naitirojin ya fita daga jininsa. In aka yi gaggawa sai ya yi kumfa a jini, irin abin da ke samun masu nutso. Duk da rage matsin, safar hannun a kumbure take, kowace damƙa kamar matsa ƙwallon roba. Abin ɗaure noti nasu mai batir ne, ana saita masa ƙarfin ɗauri da adadin juyi, in noti ya tsaya kafin adadin ya cika an san akwai matsala. Sai mutum ya soke ƙafarsa a maƙali kafin ya murɗa, in ba haka ba shi zai juya, notin yana nan. Kowane kayan aiki da igiyarsa. An yi sakaci da wannan a 2008 da kuma 2023, jakar kayan aiki ta sulale ta tafi.

Rigar ma injin ce mai lalacewa. A 16 ga Yulin 2013 ruwa kusan lita ɗaya da rabi ya taru a hular Luca Parmitano ɗan Italiya, ya rufe masa ido da hanci, da lalube ya koma. Datti ne ya toshe ƙananan ramukan sashen da ke raba ruwa da iska a bayan rigar. Tun daga nan ake sa ƙyalle mai shan ruwa a ƙeyar hular, da ɗan bututun numfashi da ya sauka zuwa ƙirji.

Tambaya: In bango ya huje fa? (Wani direba, Garwa)

Amsa: In ramin ƙarami ne akwai lokaci. Daga ƙasa ake fara ganin matsin iska yana raguwa. Sai a riƙa rufe ƙofofi ɗaki-ɗaki, a ga inda yake ci gaba da sauka, a bi bangon da na'urar da ke jin sautin da kunne ba ya ji. A Agustan 2018 an samu rami na milimita 2 a kumbon Soyuz na Rasha da ke manne da tashar, aka toshe shi da bandeji da aka jiƙa da gam mai daskarewa. Yoyon iska na Zvezda, wani sashe na ɓangaren Rasha, ya fi taurin kai. An shekara ana nema, sai a Oktoban 2020 aka yaga jakar shayi aka saki ganyen, aka rufe ƙofa, kyamara ta nuna yadda yake tafiya a hankali zuwa tsagar. An sha liƙe wurin, amma ƙarfen ya tsufa, ƙofar lungun da tsagar take kuwa a rufe take sai da buƙata.

Tambaya: Ɗalibaina sun tambaye ni wane irin bincike ake yi, kuma ko Afirka na da hannu. (Wata malamar kimiyya, Zariya)

Amsa: Malama, ɗan sama jannati hannu ne na masu bincike da ke ƙasa, kuma shi kansa abin bincike ne. Yakan ɗebi jininsa, ya wulwula shi a inji, ya jefa a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, har kumbon Dragon ya dawo da shi ƙasa. Ana duba idonsu akai-akai, domin ruwan jiki da ke taruwa a kai yana sauya siffar bayan ido. Duk abin da zai iya tarwatsewa ko ya cutar, a cikin akwati mai safar hannu ake taɓa shi. A can harshen wuta dunƙulewa yake kamar ƙwallo, kuma ƙwayoyin furotin kan daskare da tsari mai kyau, abin da masu haɗa magani ke so. A 2016 Kate Rubins ta fara karanta jerin DNA, wato ƙwayoyin gado na halitta, a tashar.

Ki ba ɗaliban misalin shuka, za su fi ganewa. Ruwan ban-ruwa ba ya nutsewa, sai ya lulluɓe saiwa ya shaƙe ta, ko ya taru a ganye. Shi ya sa ake shuka a cikin 'yar matashiya mai ɗauke da gasasshen yumɓu da taki, a ɗura ruwa da sirinji. An ci latas ta farko a Agustan 2015, bayan an goge ganyen, rabi kuma aka daskarar don awo. A ƙarshen shekarar furanni suka yi fumfuna saboda laima, sai da aka ƙara gudun fanka aka yanke ruɓaɓɓun ganye suka farfaɗo.

Batun Afirka, a Yulin 2017 an saki ƙananan taurarin ɗan'adam daga sashen Kibo na Japan, cikinsu har da NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, da GhanaSat-1. Kowane santimita 10 ne ta kowace fuska.

Tambaya: Rana tana fito musu sau 16 a yini. Musulmi yaya zai yi salla? (Wani dattijo, Sakkwato)

Amsa: Baba, hukunci na malamai ne, mu dai abin da aka yi za mu faɗa. Da likita Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai tafi a Oktoban 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun ba shi jagora: salla biyar ce a awa 24, bisa lokacin wurin da aka harba shi. Alƙibla ya fuskanci Ka'aba in zai iya, in ba haka ba ya fuskanci duniya, in ya gagara ko'ina. Ruku'u da sujada gwargwadon iko, azumi kuma yana iya ramawa.

Tambaya: Ana iya ganinta da ido daga nan? (Wani makiyayi, Damagaram)

Amsa: Ƙwarai, kuma ku na daji kun fi na birni samun gani. Ka duba bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma rana tana haska ta a can sama. Farin haske ne mai ƙarfi, ba ya ƙyaftawa kamar na jirgi, ba shi da ƙara, yana ratsa sama cikin 'yan mintoci. Wani lokaci za ka ga ya dushe a tsakiyar tafiya, ya shiga inuwar duniya ke nan. Ba kowane dare take bi ta kanku ba, manhajar Spot the Station ta hukumar NASA tana faɗin rana da minti da kusurwar da za ta ɓullo.