Ina C ta shiga a Linux?

Ka ce ka buɗe kwamfutar da muka saka wa Linux, ka nemi faifan C irin na Windows sama da ƙasa ka rasa, sai tarin folda masu gajerun sunaye. Matso kusa, ɗana, in nuna maka.

A Windows kowane faifai da harafinsa, kuma C ta samu wannan matsayi ne saboda A da B na faifan fulofi ne a da. Shi kuwa Linux tsarin Unix ya gada, wanda su Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969. A wannan tsari duk folda rassa ne na bishiya ɗaya tak, saiwarta ita ce alamar /. Ko filas ka soka ba ta samun harafi, rataya ta ake yi a wani reshe, galibi ƙarƙashin /media.

Kayan mai kwamfuta, hotunansa da takardunsa, suna /home, kowa da ɗakinsa. Manhajojin da kake kira yawanci suna /usr/bin, abin da ke tayar da injin yana /boot, /tmp kuma na wucin gadi ne, kada ka ajiye abin da kake so a can.

Biyu nake so ka riƙe da kyau. Ta farko /etc, inda saitin injin gaba ɗaya yake, kuma mafi yawansa rubutu ne da za ka iya karantawa. Kafin ka taɓa ko layi ɗaya a ciki, ɗauki kwafin fayil ɗin. Ni na taɓa gyara /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa injin inda zai rataya kowane faifai, ba kwafi, kuskuren harafi ɗaya ya hana injin tashi, na kwana a kansa. Ta biyu /var, gidan abubuwan da ke ƙaruwa kullum. In aka kira ka aka ce sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta cika ko tana ba da matsala, /var/log za ka fara leƙawa, domin can injin ke rubuta abin da ya same shi.

Kada ka haɗa / da /root: ta biyun ɗakin shugaban injin ne kawai, wato mai cikakken iko a kansa. Kuma Linux yana bambanta babban baƙi da ƙarami, Hoto daban, hoto daban.

Yanzu buɗe wurin rubuta umarni (terminal), ka rubuta ls / don ya jero maka folda da ke saiwar, ka kira min sunayen ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin aikin kowacce. Wadda ta shige maka duhu, mu shiga cikinta tare.